Wa Zai Zama Injiniyan Boɗinga da Shagari?

Duk wanda ya baro birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya kai Tambuwal sai ya ratsa Boɗinga, ya wuce Shagari. A wannan ɗan tsakanin, idan bai yi gyangyaɗi ba ya leƙa ta taga, zai ga aikin injiniya ta ko'ina: kwaltar da motar ke gudu a kai, kwalbatocin da ruwan damina ke bi, turakun lantarki, dogayen ƙarafan kamfanonin waya, tankunan ruwa da farantan sola a gefensu, da injinan ban ruwa da ke ta ruri a fadamun albasa da tattasai. Kowanne daga cikinsu wani ne ya zauna ya zana shi, ya yi lissafinsa, ya sa hannu. To amma mutum nawa ne cikin masu wannan zane suka taɓa shan ruwan rijiyar Sifawa, ko suka kwana a Kajiji cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40?

Wannan tambaya ita ce tushen wata muhawara da ake yi a jami'o'in duniya, wato yadda za a buɗe ƙofar karatun injiniya ga waɗanda aka saba bari a waje. A Amurka da Ingila, maganar ta fi karkata kan mata da baƙaƙen fata. Rahoton kimiyya na UNESCO na 2021 ya nuna cewa mata kashi 28 cikin 100 ne kacal na masu kammala karatun injiniya a duniya. A Najeriya ma tarihin bai sha bamban ba. An kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, NSE, a 1958, amma sai a watan Janairun 2024 mace ta fara shugabantarta, wato Injiniya Margaret Oguntala. Tun a 1982 Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN, saboda a lokacin ana iya ƙirga su da yatsu.

A Boɗinga da Shagari kuwa, waɗanda ke waje sun fi haka yawa. Akwai 'ya mace, akwai ɗan ƙauyen da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, akwai ɗan talakan da kuɗin jarrabawa ke kayar da shi, akwai almajirin da ya haddace Alƙur'ani amma bai taɓa riƙe littafin lissafi ba, akwai ɗan Fulanin ruga, ga kuma mai lalurar ƙafa ko ta ji. Masu kiran a shigo da waɗannan duka ba dalili ɗaya suke kafawa ba, kuma kowane dalili yana kai mutum ga irin maganin da zai nema. Shi ya sa ya kamata a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ya fi tsufa shi ne na adalci. Jami'ar tarayya da kuɗin kowa aka gina ta, don haka bai kamata ta zama gadon wani yanki ko wani gida ba. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, kuma a kan wannan ruhin ne aka tsara rabon guraben jami'o'in tarayya: kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Sakkwato na cikin wannan rukuni na ƙarshe.

Tsarin ya taimaki mutane da yawa, amma yana da masu suka ta fuska biyu. Wasu a kudu na ganin ana hana ɗansu mai maki da yawa don a ba wanda bai kai shi ba. A gida kuma, ƙorafin shi ne kason jiha yakan tsaya a cikin birni, hannun 'ya'yan ma'aikata da suka yi makarantun kuɗi, har ya ƙare bai iso karkara irin Dancaɗi ba. Sannan akwai abin da kaso ba ya iya yi. Kujerar tsangayar injiniya na buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma waɗannan darussa huɗu ne ɗalibi zai rubuta a jarrabawar JAMB. Yaron da bai taɓa samun malamin fiziks ba, ko an ware masa kujera goma ba zai iya zama kan ko ɗaya ba.

Dalili na biyu na tattalin arziki ne, kuma shi ne ya fi shiga kunnen gwamnatoci. A ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci ta fuskoki da dama, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta. Alhali jihar ba ta rasa ayyukan da ke neman ƙwararru ba. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 kuma yanzu yake hannun BUA, yana buƙatar masana injina da lantarki da haƙar ma'adinai. Ga madatsar ruwa ta Goronyo, ga ta Shagari. Ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a Illela a watan Oktoban 2024. A irin waɗannan ayyuka, albashi mai tsoka na wurin mai zane da mai duba aiki ne. Idan abin da ɗan gari zai samu bai wuce leburanci da gadi da tuƙin tifa ba, to kuɗin zai biyo ta garinsu ne kawai ya wuce.

Wani ɗan wannan yanki ya fahimci haka da wuri. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, sai da aka kai shi Yabo kafin ya samu elementare, daga nan ya yi midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo yana koyar da kimiyya. Ya riƙe ministan ayyuka a ƙarshen jamhuriya ta farko. Da ya zama shugaban ƙasa, tsakanin 1980 da 1983 gwamnatinsa ta kafa jami'o'in fasaha guda bakwai: Bauchi, Makurɗi, Owerri, Akure, Yola, Abeokuta da Minna. An warwatsa su ne da gangan, don kada karatun injiniya ya tsaya a tsofaffin cibiyoyi irin su Zariya da Legas da Nsukka.

Abin da buɗe ƙofa ke haifarwa kuwa, Sakkwatawa sun gan shi da idonsu a kan Jelani Aliyu. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanci zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan tallafin karatu na jiha ya kai shi Detroit ta Amurka. Can ya shiga kamfanin General Motors, ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt mai amfani da lantarki, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Da babu wannan tallafi, da wuya duniya ta san hannunsa.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi, ko da yake ba a cika jin sa a bakin 'yan siyasa ba: aikin kansa ya fi kyau idan masu yin sa sun fito daga gidaje daban-daban. Injiniya yana warware matsalar da ya gani ne, kuma abin da mutum ke gani ya danganta da inda ya tashi.

Tsohuwar jihar Sakkwato ta biya wannan darasi da tsada. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato. A takarda, aikin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban manoma, rikicin diyya ya ƙi ƙarewa, manoman suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, har a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka rasa rayuka masu yawa. Daga ƙasan madatsar kuma, ambaliyar da fadamu suka dogara da ita kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Ba wanda zai ce injiniya ɗan fadama shi kaɗai zai hana abin da ya faru, domin akwai siyasa da kwaɗayi a ciki. Amma da akwai irinsa a teburin zane, da ya faɗa musu cewa ruwan da suke kira ɓarna, shi manomi ke jira ya dasa shinkafarsa.

Ƙasashen da suka ci gaba ma ba su tsira ba. Shekara da shekaru, gunkin da ake ɗaurewa cikin mota don gwajin haɗari da ƙirar jikin namiji aka yi shi, har wani bincike na Jami'ar Bajiniya a 2011 ya gano cewa direba mace da ta ɗaura bel ta fi namiji yiwuwar samun mummunan rauni da kashi 47 cikin 100. A 2020 likitoci a Jami'ar Mishigan suka gano cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini tana kasa nuna haɗari ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Irin wannan na'ura ce ake amfani da ita a asibitocinmu. Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa, sai dai waɗanda suka ƙera ta sun fi gwada ta a kan masu kama da su.

A gefe guda kuma ga Malam Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa, malamin makaranta da ya fito daga zuriyar masu ginin tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima. Yayin da ruwan yashin ke bushewa, sai ya riƙa janye zafi daga ciki, tumatir da yalo da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ilimin sanyaya abu ta hanyar tashin tururi yana cikin littafin kowane ɗalibin fiziks. Abin da ya ƙara a kai shi ne sanin yumɓu, da sanin asarar da mai tallan kayan miya ke yi kafin la'asar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a Shagari yoyon a bayyane yake. A watan Afrilun 2022 wani kwalekwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, galibinsu mata da yara, a kan hanyarsu ta zuwa neman itacen girki. An yi ta'aziyya, an yi addu'a. Amma idan aka duba da kyau, tambayoyi uku na injiniya ne ke kwance a ƙarƙashin wannan musiba: wane irin jirgi ne ya dace da wannan ruwa kuma mutum nawa zai ɗauka, a ina ya kamata a yi gada, kuma wane irin murhu ne zai rage cin icce har yarinya ta daina ƙetare gulbi kullum? Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982 take aiki a kan murhu mai tattalin icce da girki da hasken rana da iskar gas daga kashin dabbobi. Sai dai murhu ba ya karɓuwa don ya ci gwaji a ɗakin bincike. Sai ya ɗauki tukunyar tuwon gida mai mutum ashirin, ya jure tuƙi da muciya, ya dafa kafin yara su yi barci. Wadda ta girma tana hura wuta ta san waɗannan sharuɗɗa tun kafin ta buɗe littafi.

Akwai dalili na huɗu, wanda duk mazaunin ƙauye ya san shi ko da bai sa masa suna ba, wato gyara. Hoton sananne ne a faɗin arewa. An haƙa rijiyar burtsatse mai sola, an yanka zare, an ɗauki hoto. Bayan damina biyu famfon ya tsaya. Wani lokaci ba wata babbar matsala ba ce: ƙura ce ta lulluɓe farantan, ko ɓera ya ci waya, ko wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone a akwatin sarrafa wuta. Amma ɗan kwangila ya koma inda ya fito, lambarsa ba ta shiga. Sai a ga tanki a sama fes da fenti, mata da jarkoki kuma sun koma tsohuwar rijiya da guga. Wanda iyayensa ke shan wannan ruwa ba ya buƙatar a biya shi kuɗin mota kafin ya zo ya duba.

Hannun da za a ɗora wa wannan ilimi kuwa yana nan. A kowace tasha akwai bakaniken da ke gane ciwon injin ban ruwa daga sautinsa, da mai waldan da ke haɗa injin sussuka daga tarkacen ƙarfe, da yaron da ke kwance wayar salula ya mayar ba tare da ya taɓa shiga aji ba. Abin da suka rasa shi ne lissafi da takarda da kuma tsani: daga shago zuwa kwalejin koyon sana'a irin ta Farfaru ko Runjin Sambo, daga can zuwa Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, daga can zuwa digiri da rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN.

Da zarar an zo kan 'ya mace, sai a ji ana cewa aikin injiniya na maza ne, ko kuma al'ada da addini ba su yarda ba. Wannan magana tana da wuyar tsayawa a ƙasar Boɗinga. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Shi ma aikin gini da ƙira ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: masarautu na da Sarkin Magina da Sarkin Maƙera, kuma masana gine-gine sun sha zuwa Zariya kallon bakan gizon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Duk da haka, damuwar iyaye ba ta wasa ba ce. Uba na tambayar inda 'yarsa za ta kwana, da tsaron makarantar kwana a wannan zamani na 'yan bindiga, da shekaru biyar na digiri da za su ci karo da lokacin aure, da kuma irin wurin da za ta yi aiki. Waɗannan tambayoyi amsa suke so, ba gori ba. Iyaye da yawa sun yarda 'ya'yansu mata su karanci likitanci da unguwarzoma saboda sun ga amfanin mace ta duba mace. Hujjar ba ta canza ba. A garin da aka rubuta "ba shiga" a ƙofar gida, wa zai shiga ya auna wurin murhu, ya haɗa sola a ɗakin uwargida, ya tambayi matan gida inda suke so a kafa famfo? Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Gusau, wadda mata zalla take ɗauka, ta nuna cewa idan aka gyara yanayi, iyaye na sakin 'ya'yansu.

Idan aka tattara dalilan nan huɗu, za a ga dukkansu sun haɗu a wuri ɗaya, kuma wurin ba ƙofar jami'a ba ne. Tulun tun daga ƙasa yake yoyo. Lokacin da aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje don ƙananan sakandare, amma a makarantu da dama sun yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya su. Daga 2014, Boɗinga na cikin ƙananan hukumomin da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya riƙa ba iyaye naira 5,000 kowane zango a kan kowace yarinya, kuma a 2015 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Irin waɗannan matakai sun fi mayar da hankali kan shigar da yaro aji. Abin da zai tarar a cikin ajin shi ne sauran aiki.

Hukuncin zama injiniya ko rashin zama ana yanke shi ne a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, ranar da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Yarinyar da ke makarantar 'yan mata ta Boɗinga, ko yaron da ke sakandaren Shagari, idan ya isa wannan rana yana tsoron lissafi, to an riga an rufe masa ƙofa yana ɗan shekara 15, kuma ba wani kason JAMB da zai sake buɗe ta.

Saboda haka, abin da ke gaban shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da 'yan majalisarsu, da ma'aikatar ilimi, da reshen NSE na Sakkwato, abu ne mai ƙirguwa. A bi manyan sakandaren ƙananan hukumomin biyu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wadda ke da malamin lissafi da na fiziks da na kemistiri da wadda ba ta da su, a cike gurbin, a ba malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye alawus da gida. A sa wa ɗakunan gwaje-gwaje sola da kayan aiki. A biya wa duk ɗalibin kimiyya kuɗin WAEC da NECO da JAMB a kan lokaci, a ɗauki nauyin duk wanda ya samu gurbin injiniya, mace ko namiji, har ya gama. Kamfanoni da 'yan kwangilar da ke aiki a jihar kuma a sa musu sharaɗin ɗaukar waɗannan ɗalibai horon aiki. Duk yaron da aka shigar ajin kimiyya a bana, idan aka riƙe shi shekara uku na sakandare da biyar na jami'a, nan da shekara takwas zai iya dawowa ya duba madatsar ruwan Shagari da takardar shaidarsa a hannu.